Tambaya ga masana: ƙaƙa sel ɗin ɗan tayi ke sanin abin da zai zama?

Maikaji_Kwannawa:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Don Allah ina da tambaya ga malaman bayoloji da likitocin da ke cikinmu, abin ya daɗe shina cina a rai. Ni sana'ata kiwon kaji, ina da ɗan injin ƙyanƙyasa mai aiki da sola, kuma duk mai wagga sana'a ya san ana haska ƙwai da tocila cikin duhu don a ware mai rai da wanda zai zama baragurbi. Kwana na uku zuwa na huɗu in ka haska sai ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu cikin ƙwan, ga wani ɗan ɗigo a tsakiya shina motsi dal dal dal, zuciya ke nan ta fara aiki. Kwana 21 ɗan tsako ya fasa ya fito da baki da ido da farce da gashi, kowane a mazauninai.

To ga inda kaina ya ɗaure. A sakandare an koya muna cewa kowace halitta daga sel guda take farawa, shi rabu biyu, biyu su zama huɗu, haka haka, kuma wai dukkan sel ɗin jiki DNA ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, iri ɗaya ne. In iri ɗaya ne mi ya sa wani ya zama ido wani ƙashi wani jini? Wa ke gaya ma wanga kai tsaya nan gaba ka yi baki, kai kuma koma baya ka yi wutsiya? Su da ba ido ba kunne ba ƙwaƙwalwa, tunda ita kanta ƙwaƙwalwar su ne za su gina ta. Na san ikon Allah ne ba shakka, sababin da Allah ya sanya nike son in fahimta. Sannan ko abin da ke sa a haifi yaro da cindo shina da alaƙa da wanga? Don gidanmu akwai masu shi.

MalaminBayoloji_Mabera:

Wa alaikumus salam Malam Maikaji. Wallahi tambayar nan ta yi min daɗi, irinta nike so ɗalibaina su riƙa yi ba haddar sunaye kawai don jarrabawa ba. Ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Gaskiya ne DNA ɗin iri ɗaya ne. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umurnin haɗa furotin, wato sinadaran da ke gina sel suna gudanar da aikinshi, kuma dukkansu suna nan cikin sel ɗin idonka, suna nan cikin na hantarka. Bambancin shi ne waɗanne ne a kunne, waɗanne ne a kashe. An gwada wannan a zahiri, a 1962 wani ɗan Ingila John Gurdon ya zaro cibiyar sel, wato inda DNA ke zaune, daga hanjin talibambam, ya dasa ta cikin ƙwan kwaɗo wanda anka cire ma tashi cibiyar, sai ga cikakken talibambam yana iyo. Ke nan sel ɗin hanji bai zubar da bayanin kai da wutsiya ba, rufe shi kawai ya yi. Tunkiyar nan Dolly da anka haifa a 1996 ma daga sel ɗin hantsar wata tunkiya anka samo ta.

To mi ke kunnawa da kashewa? Mafi girma abu biyu ne, inda sel ya tsinci kanshi, da abin da maƙwabta ke aiko mishi. Ɗauki mutum. Wajen kwana biyar da haɗuwar maniyyi da ƙwai, abin da ke akwai ɗan dunƙule ne na sel ɗari da 'yan kai. Waɗanda sunka faɗo a waje su za su zama mabiyiya, waɗanda sunka faɗo a ciki su za su zama yaron, kuma abin da ya raba su tun farko shi ne na waje gefenshi ɗaya bai taɓa kowa, na ciki kuwa an kewaye shi ta ko'ina. A mako na uku sai sel su yi ta kwarara suna shigewa ta wani tsagi, su shimfiɗu hawa uku: na sama zai ba da fata da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, na tsakiya tsoka da ƙashi da jini da zuciya da ƙoda, na ƙasa kuma cikin hanji da huhu da hanta. A ƙwan kaza wannan a ranar farko cikin inji yake faruwa.

Waɗanda sunka nuna ƙarara cewa sel suna ba juna umurni su ne wata ɗaliba a Jamus, Hilde Mangold, da malaminta Hans Spemann, an buga aikin a 1924. Da tayin wata 'yar halittar ruwa dangin kwaɗo mai wutsiya sunka yi aiki. Ta yanko ɗan guntu daga wajen da zai zama baya da siririyar allurar gilas, ta dasa shi a wajen da zai zama ciki na wani tayin daban, kuma da gangan anka zaɓi iri biyu ɗaya mai haske ɗaya mai duhu don a gane sel ɗin wa ya je ina. Abin da ya fito halitta ce mai baya biyu, laka biyu, manne da juna, kuma da anka duba launin sel ɗin sai anka ga mafi yawan jiki na biyun ba daga guntun da anka dasa ba ne, sel ɗin mai masaukin ne waɗanda da fatar ciki za su zama, guntun nan ya juya su sunka zama laka da tsoka. Spemann ya samu kyautar Nobel a 1935, ita kuwa Hilde ta rasu tun 1924 sanadin fashewar murhu a gidanta, abin tausayi, ba ta ga inda aikinta ya kai ba. Sai a shekarun 1990 anka kama sinadaran da guntun ke fitarwa, kuma aikinsu toshewa ne. Akwai wani furotin BMP da ke ce ma sel ku zama fata, su kuma suna kama shi su hana shi isa, duk inda bai isa ba sel sai su zama ƙwaƙwalwa da laka. Tayin kaza ma yana da irin wannan guntun.

Sai batun nisa, nan ne amsarka ta fi ƙarfi. Wasu sel za su zauna gefe guda suna fitar da sinadari yana bazuwa, kusa da su ya yi yawa, nesa ya yi ƙaranci. Awa lasifikar masallaci ne, na gindin masallaci kiran salla ya cika mishi kunne, na bayan layi uku yana ji daidai, na bakin unguwa sama-sama, kuma ko an rufe maka ido daga ƙarfin sautin za ka iya faɗin nisanka da masallacin. Haka sel ke auna yawan sinadarin da ya iso mishi, in mai yawa ne ya kunna waɗansu ƙwayoyin gado, in matsakaici waɗansu, in kaɗan waɗansu. Lewis Wolpert ne ya tsara wannan tunani a 1969, a 1988 kuma Christiane Nüsslein-Volhard da abokin aikinta sunka gan shi da ido a ƙwan ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, furotin ɗin Bicoid yana da yawa a gaban ƙwan yana raguwa zuwa baya, in babu shi tsutsar ba ta yin kai.

Ga naka na kaji. Fiffike yana farawa ne da ɗan tsiro a gefen jiki wajen kwana na uku, a gefen baya na tsiron akwai 'yan sel masu fitar da furotin da anka raɗa ma suna Sonik Hejhog. A 1968 an yanko waɗannan sel an dasa su a gefen gaba na wani tsiron, ya zama saƙon yana fitowa ta gefe biyu, sai fiffiken da ya kamata ya yi yatsu uku ya yi shida, uku suna kallon uku. Hannunmu ma haka ne, ɓangaren ƙaramin yatsa ke samun sinadarin da yawa, babban yatsa kusan bai samu. Cindo lissafin yawan yatsu ne ya ƙaru, kuma a wasu nau'o'inshi an gano canji a ƙwayoyin gadon da ke aiki kan wannan hanya. Ana gadonshi shi ya sa ka gan shi gidanku, ya fi yawa a cikinmu baƙar fata fiye da Turawa, kuma mafi yawanci ba shi tare da wata cuta.

Na gaba da baya kuma akwai ƙwayoyin gado da ake ce ma Hox, mu muna da 39, kowane yanki daga bayan kai zuwa wutsiya da waɗanda ke kunne cikinshi, kuma yadda sunka jeru kan DNA haka sunka jeru a jiki. In anka kunna Hox ɗin ƙirji a ɓangaren kai na ƙuda, ƙafafu ke fito mishi a goshi inda 'yan eriyar nan biyu ya kamata su fito.

Baban_Sadiq:

Allahu Akbar. Malam Allah shi ƙara basira shi jiƙan mahaifa. Ina karantawa ina tuna ayoyin nan na farkon Suratul Mu'minun inda anka ambaci halittar mutum mataki bayan mataki, nuɗfa, alaƙa, mudga, sannan ƙassa, sannan a tufatar da su da nama. Wanda ya san wanga ilimi ya kamata shi fi kowa tsoron Allah. Amma Malam ka ce suna aika ma juna saƙo suna aunawa, nan ne ban kama ba. Da mi suke ji? Kuma ko an gaya ma sel kai tsoka ne, mi ke hana shi gangarewa shi cakuɗe da na hanta tunda duk abu ne mai ruwa-ruwa a lokacin?

Ɗalibar_Likitanci:

Baba ina wuni, bari in ɗan taimaka wa Malam da wannan tunda mun yi kwas ɗin a jami'ar Ɗanfodiyo kuma yana cikin waɗanda na fi so.

A jikin fatar kowane sel akwai furotin da ke leƙowa waje, risefta ake ce musu, kowace da sinadarin da ya dace da ita. In sinadarin ya zo ya manne sai ɓangarenta na ciki ya canza siffa, ya taɓa wani furotin, wannan ya taɓa wani, har saƙon ya kai cibiya a kunna ƙwayar gado ko a kashe. Sel ɗin da ba shi da riseftar ko sinadarin ya yi masa wanka bai san ana yi ba. Kuma saƙo ɗaya ba ma'ana ɗaya gare shi ba, BMP ɗin da Malam ya ambata shi ne can gaba ke sa a yi ƙashi, shi ne kuma ke sa wasu sel su mutu, ya danganta da abin da sel ɗin ya riga ya karɓa a baya.

Ba kuma kowane saƙo ke tafiya nesa ba, akwai na sai an gogi juna. Sel biyu maƙwabta duk suna iya zama abu guda, ɗaya ya ɗan riga, sai ya fito da furotin ɗin Delta a fatarsa ya taɓa Notch ɗin na kusa da shi, ma'anar ita ce na riga ka, kai zama wani abu daban. Da haka sel masu kama sauti can cikin kunne suke jeruwa, ɗaya nan masu tallafa masa kewaye da shi, ba biyu a manne ba. Sannan akwai ƙananan kafofi da ke haɗa cikin sel da cikin maƙwabcinsa kai tsaye, ta nan lantarkin jiki ke bi sel ɗin zuciya su matse lokaci guda, bugun da Malam Maikaji ke gani da tocila ke nan.

Tambayarka ta biyu Baba, ta cakuɗewa, an gwada ta. A 1955 Townes da Holtfreter sun wargaza tayin dangin kwaɗo sel ɗai-ɗai, suka gauraya na fata da na laka wuri guda, sel suka dunƙule a hargitse, sannan a hankali suka ware kansu ba wanda ya taɓa su, na fata suka koma waje suka lulluɓe, na laka suka shige ciki. Daga baya wani ɗan Japan Masatoshi Takeichi ya gano furotin masu danƙo da ke jikin sel, kaderin, iri-iri ne kuma sel masu iri ɗaya sun fi riƙe juna. Lokacin da laka za ta rabu da fata sel ɗinta canza kaderin suke yi, daga nan sai su saki na fata su kama junansu.

Abin da nake so in ƙara a kan na Malam, kar a ɗauka sel suna zaune ne wuri ɗaya suna jiran saƙo, ni a ganina motsin nasu ya kai saƙon muhimmanci. Laka shimfiɗa ce da farko, sel ɗin tsakiya su tsuke samansu sai shimfiɗar ta lanƙwashe ta naɗe ta zama bututu. Daga bakin naɗin nan wasu sel suke ɓallewa su kama hanya, wasu su je su gina ƙasusuwan fuska, wasu su bazu cikin fata su ba ta launi, wasu su bi hanji tun daga sama har ƙasa su zama jijiyoyin da ke sa shi motsi. In ba su ƙarasa ƙarshen hanjin ba sai a haifi jariri bai iya yin kashi cikinsa ya yi ta kumbura, sai an yi masa tiyata, wajen jariri 1 cikin 5,000 ke nan.

Har mutuwa tana cikin tsarin. Hannun ɗan tayi a mako na shida faffaɗa ne yatsu ba a rabe ba, zuwa na takwas sel ɗin tsakani sun kashe kansu bisa umurni. Agwagwa tana fitar da wani furotin tsakanin yatsunta da ke toshe umurnin shi ya sa fatar take nan, kuma an sa wa ƙafar ɗan tsako wannan furotin tun yana cikin ƙwai, fatar ta zauna. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na dama da hagu. Akwai wani ɗan rami a tsakiyar tayi mai ƙananan silin gashi da ke juyawa suna kora ruwa zuwa hagu, an gan su a ɓera a Japan a 1998, wannan kwararar ce ke sa a kunna ƙwayoyin gadon hagu, zuciya da saifa su tafi hagu hanta ta tafi dama. In silin ba sa motsi abin sai ya zama kan sa'a, kuma wajen mutum 1 cikin 10,000 kayan cikinsa duka a juye suke, wani sai an yi masa hoton ƙirji yake sani.

LikitanDabbobi_Kara:

Ni ta ɓangaren bisashe zan shigo, don abin da ba a taɓo sosai ba shi ne lokaci. Saƙon nan kowane da ranarshi, in ta wuce ta wuce.

A shekarun 1950 makiyayan tumaki a jihar Aidaho ta Amurka sunka riƙa samun 'yan raguna da ido ɗaya tak a tsakiyar goshi. An ɗau shekaru ana bincike kafin a gane wata ciyawa ce ta kan tsaunukan can, in tunkiya ta ci ta wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki. Ku duba hwa, cikin tunkiya wata biyar ne amma abin da ya auku cikin kwana ɗaya ko biyun nan shi ya yanke hukunci. Sai a ƙarshen shekarun 1990 anka gane sinadarin ciyawar, saiklofamin, hanyar Sonik Hejhog ɗin da Malam ya faɗa yake toshewa. Da fari wurin ido guda ne a tsakiya, saƙon da ke fitowa daga tsakiyar kai ke raba shi biyu, in an toshe sai shi tsaya a haɗe.

Wagga ciyawa ba ta ƙasarmu ba ce amma muna da namu. Mutane suna sayen albendazol a kasuwa su ɗura ma akuya ko tunkiya don tsutsar ciki ba tare da sun kula ko an yi mata barbara ba, alhali a jikin kwalbar an rubuta kar a ba ta a watan farko na ciki don shina iya naƙasa ɗan. In an haifo shi da wata tawaya sai a taru ana cewa maita ce ko baki. Don Allah a riƙa tambaya kafin a ba dabba mai ciki magani.

Abin da 'yar'uwa ɗaliba ta faɗa na sel masu ba fata launi, mu kullum muna kallonai ba mu sani ba. Dabbar da ke da farin tabo, akuya ko doki ko kare, duba inda tabon ya fi zama, goshi, ciki, ƙarshen ƙafa, bakin wutsiya. Wuraren da sunka fi nisa da gadon baya ke nan inda sel ɗin sunka taso, ba su ƙaraso ba.

Maikaji kai kuma ka kula da zafin injinka, tsakanin digiri 37.5 da 37.8 ake so, in ya haura a kwanakin farko nan ne ake samun 'yan tsaki da kai a buɗe ko ido a lalace. Da zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke wuce 40, ko ƙwan da ka tara kana jiran sa ma inji kar ka bar shi ɗakin kwano, tayin zai fara girma a hargitse.

Ungozoma_Arkilla:

Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni ba mai bincike ba ce amma abin da kuke faɗi a takarda mu shi muke karɓa da hannu a ɗakin haihuwa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Bututun lakar nan da ƙanwata ta ce ana naɗewa, zuwa kwana 28 da shigar ciki ya gama rufewa. Lissafa ku gani, kusan mako biyu ke nan da ɓatan wata, mace ma tana tababa ko ciki ne ko jinkiri ne. In ƙasan bai rufe ba sai a haifo jariri da ƙullutu a gadon baya, wani fatar ma ba ta rufe wurin ba, ƙafafu ba ƙarfi, sau da yawa kai shi riƙa tara ruwa. In saman ne bai rufe ba ƙwaƙwalwar ba ta ginuwa, wanga ba shi rayuwa. Wallahi ba abin da ke karya min zuciya irin in miƙa ma uwa wanga labari bayan wata tara tana jira.

Kuma akwai rigakafi mai arha, folik asid, 'yar ƙwayar nan da ake badawa wurin awo tare da maganin ƙarin jini. Maikurogiram 400 kullum, amma amfaninta ga laka sai in an fara tun kafin a ɗau cikin, aƙalla wata guda, a ci gaba har wata uku na farko. Babban binciken da anka buga a Ingila a 1991 kan matan da sunka taɓa haihuwar irin wanga jariri ya nuna ta rage sake aukuwarshi da kusan kashi 70 cikin 100, irin waɗannan matan likita kan ba su wadda ta fi ƙarfi. To mu nan mace sai cikin ya kai wata biyar shida take zuwa awon farko, an ba ta za ta amfane ta ga jini amma ga laka an makara. Amarya da duk mai niyyar ƙara haihuwa su ya kamata su riƙa sha, a haɗa da zogale da alayyahu da wake da gyaɗa.

Sai shan magani barkatai. A ƙarshen shekarun 1950 an riƙa ba masu ciki wani magani talidomaid don laulayi a Jamus da Ingila da wasu ƙasashe, kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasa, da yawa hannu ko ƙafa ba su tsiro ba, don an sha shi daidai makonnin da ake gina su. Mai farfaɗiya da mai ciwon suga su ga likita tun kafin ciki, kar mai farfaɗiya ta daina maganinta da kanta, a je a duba ko za a canza mata. Ku kuma maza da uwayen miji, in ƙaddara ta faɗo a daina ɗora ma yarinya laifi wai ta fita da tsakar rana ko da almuru, a kai jaririn asibiti da wuri don masu ƙullutun baya ana yi musu aiki.

Maikaji_Kwannawa:

Allah shi saka muku da alheri baki ɗaya, na ƙaru ƙwarai, Hajiya Ungozoma saƙonki zai isa gida yau insha Allah. Saura guda ɗaya. In mazauni ne ke gaya ma sel abin da za shi zama, to tagwaye masu kama ɗaya fa, da anka ce tayi guda ne ya rabe biyu? Mi ya sa kowane bai fito rabin mutum ba?

MalaminBayoloji_Mabera:

Don a kwanakin farko ba a riga an yanke ma kowane sel hukunci ba, in an raba su sai kowane ɓangare ya sake auna inda yake da waɗanda ke kewaye da shi, ya tsara gaba da baya da dama da hagu nashi na kanshi. Hans Driesch ya ga haka tun 1891, ya girgiza tayin wata halittar teku mai ƙayoyi lokacin yana sel biyu har sunka rabu, yana jiran rabi-rabi, sai kowane ya ba da cikakkiyar halitta, ƙarama dai amma ba abin da ya ɓace.

A mutum abin da ake koyarwa shi ne ya danganta da ranar rabuwar. In cikin kwana uku na farko ne kowane zai yi mabiyiyarshi da jakar ruwanshi. In tsakanin kwana huɗu zuwa takwas ne, lokacin an riga an ware na waje da za su zama mabiyiya, sai su yi tarayya a mabiyiya ɗaya kowane da jakarshi, wannan shi ya fi yawa. In ya kai kwana takwas zuwa sha biyu har jakar ɗaya ce, in kuma ya wuce haka rabuwar ba ta ƙarasawa, nan ne ake samun waɗanda ake haifa manne da juna. Tagwayen da ba su kama kuwa ƙwai biyu ne daban tun asali.

Wannan halin na cike gurbi likitoci suna amfani da shi yanzu. Ma'auratan da duk AS ne in sunka bi ta hanyar haɗa ƙwai a kwalba, ana iya tsinko 'yan sel kaɗan daga na wajen nan a kwana na biyar ko shida a gwada ko tayin yana da sikila, sauran sel su rufe wurin, a mayar da shi mahaifa ya ci gaba da girma. Sai dai aikin yana da tsada ƙwarai kuma ba kowane dashe ke kamawa ba, gwajin jini kafin aure ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba.